An yaɗa bidiyon 'yata a aji, surukata ta ce sai mun cire ta daga makarantar

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu, mace 'yar shekara tara da namiji ɗan shekara shida. Shekararsu uku a wata makarantar kuɗi da tsarinta ya sha bamban da wanda muka taso a ciki. Ba a duka, ba a fitar da na ɗaya da na ƙarshe, yara kan zauna a kewaye kan darduma, suna da lambunsu, kuma an bar su su tambayi malami har su ce ba su gamsu ba. Makonni uku da suka wuce makarantar ta sa wani gajeren bidiyo a shafinta na Facebook. A ciki 'yata ce ta miƙe ta ce, "Malam, ni ban yarda da wannan dokar ba," ta faɗi dalilinta, 'yan aji suka tafa mata. Wani ya yanko wurin ya watsa a TikTok. Ana cikin haka sai wani uba ya fito da hoton wani littafin tatsuniyoyin Turawa daga ɗakin karatun makarantar, mai hotunan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Makarantar ta ce a cikin kwalin kyauta ya zo, kuma ta janye shi. Yanzu an yi maganar a rediyo, an yi a wa'azi, gurup ɗin iyaye ya dare biyu. Hajiyar maigidana ta ce ba za a mayar mata da jikoki marasa kunya ba, a cire su. Maigidana ya rasa tudun dafawa. Ni kuma na ga yadda yaran suke son karatu. 'Yata ta daina son zuwa Islamiyya saboda yara suna tsokanarta, da dare takan yi kuka. Gwaggo, in dage ko in haƙura?

Uwar biyu

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya raya miki su, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Kin tambaye ni kan makaranta, amma ni inda zuciyata ta tsaya shi ne layin ƙarshe na wasiƙarki. Yarinya 'yar shekara tara tana kuka da dare. Manya suna ta kokawa a kan tsarin ilimi, ita kuwa abin da ta fahimta guda ɗaya ne: na buɗe baki na yi magana, gari ya zage ni. Idan aka bar wannan ya zauna mata a rai, ko wace makaranta kuka kai ta, za ta koma irin yaran nan da ke zama a bencin baya, sun san amsa amma ba sa ɗaga hannu. Na koyar shekaru masu yawa, na san su, kuma na san ba a haife su haka ba.

Saboda haka ki fara da ita. Ki nemi cikakken bidiyon, wanda ba a yanke ba, ki kalla ke kaɗai a natse. Ki duba yadda ta miƙe, da muryar da ta yi magana da ita, da inda ta ajiye idanunta. Akwai bambanci tsakanin yaron da ya ce ban gamsu ba da yaron da ya raina babba, kuma kowace uwa Bahaushiya ta san bambancin ko a cikin duhu. In kin ga ladabi a maganarta, ki faɗa mata a fili cewa ba ta yi laifi ba, kuma ki roƙi babanta shi ma ya faɗa mata da bakinsa, domin kalma ɗaya daga uba a irin wannan lokaci ta fi goma daga gare ki. In kuwa kin hango ɗan ɗaga murya ko murguɗa baki, ki gyara mata wannan kaɗai, ki nuna mata yadda ake cewa, "Malam, Allah ya gafarta, ina da tambaya." Kada ki haɗa tambayar da rashin ladabin ki zubar gaba ɗaya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kunyar da muke so ga 'ya'yanmu mata ita ce wadda ke tsare mutunci, kuma ba ta taɓa yin faɗa da neman sani ba. Ki kuma taka da ƙafarki zuwa Islamiyyar, ki gana da malaminsu a keɓe, ki roƙe shi ya tsawata wa masu tsokana. Kada ta bar Islamiyya ko na mako ɗaya, domin in ta bari, masu cewa makarantar bokon ta raba ta da addini sun samu abin nunawa.

To, sai makarantar. Ba zan wanke ta ba, domin ta yi kuskure biyu, kuma na farkon ya fi ba ni haushi fiye da wanda gari ke ta surutu a kai. Da izinin wa aka sa fuskar 'yarki a intanet? Makarantar da ke cewa tana girmama yaro ita ce ta ɗauki fuskarsa ta yi tallar kanta da ita. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro bisa izini, kuma hoto da bidiyo suna cikin bayanan mutum. Ki duba takardun da kuka cika lokacin shigar da su, ko akwai inda kuka sa hannu kan haka. In babu, ku rubuta wa mai makarantar takarda, ku biyu ku sa hannu, ku nemi a sauke bidiyon daga shafinsu, a kai ƙorafi ga Facebook da TikTok a kan waɗanda suka yanka suka watsa, kuma a daina ɗaukar yaranku sai da izininku a rubuce. Ba faɗa za ku je yi ba. Amma yadda za su karɓi wannan takarda zai nuna muku irin mutanen da kuka damƙa wa amana.

Na biyu shi ne littafin. "A cikin kwalin kyauta ya zo" bayani ne na yadda abin ya faru, bai zama uzuri ba. Duk littafin da zai hau kantar ɗakin karatun yara, wajibi ne wani babba ya buɗe shi shafi-shafi tukuna. Kuma ba yau aka fara irin wannan ba. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a Kano a kan wani littafin koyon karatun Turanci da makarantun kuɗi da yawa ke amfani da shi, har hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ta hana sayar da shi. Kafin nan, a 2022, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa ta cire darussan da suka shafi jima'i daga manhajar makarantun matakin farko. Mai makarantar da ke zaune a cikinmu ya san duk wannan, ya san inda mikin jama'a yake. Abin da za ku nema a taron iyaye da malamai shi ne a kafa 'yan kwamiti daga cikin iyaye, a sa malamin addini a ciki, su bi littattafan nan ɗaya bayan ɗaya. Makarantar da ta yarda da haka, kuskure ta yi. Wadda ta ce iyaye ba su da hurumi, wannan kuma wata magana ce, zan dawo kanta.

Kada ki ɗauki duk masu suka a matsayin jahilai ko mahassada. Akwai su, ban musa ba. Akwai mai wata makarantar da faɗuwa ta zo masa daidai da zama, akwai mai neman mabiya a waya da bai taɓa taka ƙofar makarantar ba. Amma mafi yawan mutane tsoro ne ke magana a bakinsu, kuma tsoron yana da tushe. Wa ya manta da farkon 2022, lokacin da aka gano gawar yarinya 'yar shekara biyar a Kano, aka kama mai makarantar da take zuwa, har gwamnatin jihar ta janye lasisin makarantun kuɗi domin a sake tantance su? Tun daga ranar iyaye da yawa ba su ƙara kallon katangar makaranta da irin idon da suke kallonta a da ba. Hajiya ma tsoro take ji. Ta ga jikarta a wayar mutane, ta ji sunan gidanta a bakin matan unguwa. Abin da babba ya hango, in ji Hausawa, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma sau da yawa gaskiya ne. Sai dai a wannan karon Hajiya ba ta hango da idonta ba, ji ta yi, kamar yadda mai wa'azin ya ji, kamar yadda mai shirin rediyon ya ji. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu yi bincike idan aka zo mana da labari, kada mu cutar da wasu cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Wannan hukuncin bai tsallake mai tura bidiyo daga gurup zuwa gurup ba.

Kuma mu tuna, baƙon abu a harkar karatu kullum da haka ake tarbarsa a ƙasar nan. Lokacin da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawa ta Kano a 1909, ba da murna iyaye suka ba da 'ya'yansu ba. Islamiyyar nan da yau kowa ke ganin ita ce tushen tarbiyya, da benci da baƙin allo da ƙararrawa da aji-aji, lokacin da su Malam Aminu Kano suke yaɗa ta, akwai malaman da suka ce an kwaikwayi Nasara. Yau jikokin waɗanda suka ƙi ta su ne ke rububin walimar sauka a cikinta. Ban kawo wannan don in ce kowane sabon abu alheri ne ba. Na kawo ne don ki san cewa baƙunta kaɗai ba ta isa hujja ba, ko ta karɓa ko ta ƙi.

Irin makarantar 'ya'yanki ma tana da nata tarihin. Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya, a 1907 ta buɗe ajinta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum, ta bar yara suna koyo da hannunsu, kowa da saurinsa. Yau kina ganin sunanta a allunan makarantu lungu-lungu, da yawansu sunan kawai suka ara. A Ingila kuma akwai wata makarantar kwana mai suna Summerhill, wadda wani malami ɗan Sukotlan, A. S. Neill, ya kafa a 1921. A can shiga aji ganin dama ne, kuma dokokin makaranta a taro ake yanke su, ƙuri'ar yaro ɗaya da ta malami. Jaridunsu sun shekara da shekaru suna yi mata ca. A 1999 sufetocin ilimi suka rubuta mata mummunan rahoto, gwamnati ta ba ta takardar gargaɗin da za ta iya kai ga rufe ta. Makarantar ta ɗaukaka ƙara, a watan Maris na 2000 aka zauna, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta nemi sulhu, yaran suka yi taronsu a cikin ɗakin shari'ar suka amince. Ni dai ba zan kai jikana inda shiga aji yake ganin dama ba, wannan bai dace da mu ba. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne, da aka taso mata ba ta kulle ƙofa ba, ta fito da iyaye da ɗalibai da shaidu ta ce a zo a duba. Wannan shi ne awon da za ki auna taku makarantar da shi.

Yanzu bari in faɗa miki abin da nake jin tsoro game da irin waɗannan makarantu, wanda masu zagi ba su ma taɓo ba. Na taɓa zama da wata yarinya 'yar aji huɗu daga wata makaranta mai irin wannan tsari. Baki kamar lauya, Turanci kamar ruwa, ta yi mini bayanin yadda tsiro ke shan ruwa har na ji daɗi. Sai na ɗauko jarida na nuna mata sakin layi ɗaya. Ta sa yatsa a kan kalma ta farko, ta tsaya, ta ɗago ta dube ni, ta fara ƙirƙirar labari daga hoton da ke gefe. Na ba ta lissafin raba 84 gida 7, ta yi murmushi ta ce su ba a matsa musu. Iyayenta kuwa suna biyan kuɗi mai yawa, kuma katin sakamakonta cike yake da yabo. Rashin fitar da na ɗaya da na ƙarshe ba aibi ba ne, na ga yaran da "na talatin da takwas" ya karya musu gwiwa har abada. Amma dole uwa ta san inda ɗanta ya tsaya. Jarrabawar shiga sakandare tana nan tana jira, daga baya ga ta ƙaramar sakandare, ga WAEC da NECO da JAMB, babu wadda za ta tambayi ko an ji daɗin aji. Kin ce yaranki suna son karatu, na yarda. To ki gwada su a gida, ba tare da sun san gwaji ba ne. Ki ba babbar littafin da ba ta taɓa gani ba, na Hausa da na Turanci, ta karanta miki ta faɗa miki abin da ta fahimta. Ki aike ta kanti ta lissafo canji. Ƙaramin ki ga ko ya san haruffa da sautinsu. Ki nemi ɗan maƙwabta mai aji ɗaya da ita a wata makarantar, ki duba littattafansa ki kwatanta. Wannan zai faɗa miki gaskiyar da babu bidiyon da zai faɗa.

Batun duka kuwa, ina tare da makarantar, kuma da dalilina. A farkon aikina ina da bulala a kan tebur kamar kowa. Akwai wani yaro da nake zane wa kusan kullum saboda ba ya kwafar aikin allo. Sai da aka kusa ƙarshen shekara na gane ba ya ganin allon ne daga inda yake zaune, kuma tsorona ya hana shi faɗa. Har yau ina ganin yadda yake miƙo tafin hannu tun kafin in kira sunansa, kuma ina roƙon Allah ya yafe mini. Ibn Khaldun ya rubuta tun ƙarnoni da suka wuce cewa tsanani ga ɗalibi yana koya masa ƙarya da kasala da ɓoye abin da ke ransa. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Amma barin bulala aiki ne mai wuya fiye da riƙe ta, domin sai malami ya san yadda zai kafa iyaka ba tare da ita ba. Inda aka ajiye bulala ba a sa komai a gurbinta ba, nan ne ake samun yaran da Hajiya ke tsoro.

Don haka ga abin da nake so ki yi, kuma shi ne zuciyar amsata. Ku je ku zauna a ajin. Ba ranar bikin makaranta ba, ba ranar da aka shirya baƙi ba, ranar Talata ko Laraba da babu wanda ya yi kwalliya. Ke da maigidanki, tun daga taron safe har a tashi. Ku ga me malami ke yi idan yaro ya zagi ɗan uwansa. Ku ga ko ana tsayar da komai idan lokacin azahar ya yi, da wanda ke jan sallar, da inda 'yan mata ke alwala. Ku leƙa bayan gida, ku ga na maza daban na mata daban, da wanda ke kula da ƙofar. Ku tambayi yadda suke zaunar da yara idan sun kai shekara goma, domin da'irar 'yan shekara shida ba ɗaya take da ta masu tasowa ba, kuma 'yarki saura mata shekara guda. Ku nemi ganin takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha, ku tambayi ko malaman suna da rajistar hukumar malamai ta ƙasa. In da hali, ku roƙi Hajiya ta bi ku, ko ta wakilta wanda ta yarda da idonsa a cikin 'ya'yanta. Na sha ganin tsohuwar da ta shiga aji da fushi ta fito tana sa albarka, don ta ga jikanta yana karanta abin da ita ba ta samu damar koya ba. Na kuma ga wadda ta fito ta nuna aibin da mu masu takardu ba mu lura da shi ba.

Kalmar "in dage" da kika yi amfani da ita ce nake so ki ajiye. Idan kika mayar da abin nan gasa tsakaninki da Hajiya, kin jefa maigidanki tsakanin uwa da mata, kuma ko kin ci a yau, za ki biya a wani wurin. Kada ki tunkari Hajiya da hujjoji. Ki je ki gaishe ta, ki durƙusa, ki ce kin ji damuwarta kuma ke ma abin ya taɓa ki. Sauran maganar ɗanta ne zai yi da ita. Abin da za ki roƙa a wurinsa ƙarami ne: a bari yaran su ƙarasa wannan zangon, a yi binciken nan a cikinsa, sannan shi ya yanke hukunci da abin da idonsa ya gani. Cire yaro a tsakiyar zango, a tsakiyar surutu, asarar kuɗi ce da ta karatu, kuma a wurin 'yarki tamkar an tabbatar mata da cewa ita ce ta jawo. Ki kuma cire hannunki daga kwament. Kada ki kare makaranta, kada ki ba kowa amsa, ko da sun ambaci 'yarki. Duk amsar da kika bayar itace ce kika ƙara wa wutar, kuma irin wannan ƙurar ba ta daɗewa in ba a samu mai tayar da ita ba.

In kun je aka hana ku shiga aji, ko aka ƙi sauke bidiyon, ko aka ce iyaye ba su da ta cewa a kan littattafai, ko kika gwada yaran kika tarar baki ne kawai babu karatu, to ku cire su a ƙarshen zango, kada ki yi baƙin ciki, kuma ki faɗa wa Hajiya cewa ta yi gaskiya. In kuwa kun tarar da ƙofa a buɗe, da salla a kan lokaci, da yara masu ladabi da ke iya karatu, ku bar su, ke kuma ki shiga kwamitin littattafan da kanki. Idan bayan duk wannan maigidanki ya ga cirewar ce zaman lafiyar gidansa, ki bi shi, ki nemi alfarma ɗaya: ku zaɓi sabuwar makarantar tare, wadda ba a dukan yara, kuma shi da kansa ya zaunar da 'yarsa ya faɗa mata cewa ba don maganar da ta yi ba ne.

Yau da dare, idan ƙaninta ya yi barci, ki kira ta ki ce za ki tsefe mata kai. Tana zaune a gabanki, bayanta a jikinki, ba sai ta kalli idonki ba, ki tambaye ta wace doka ce ma ta ce ba ta yarda da ita ba, kuma me ya sa. Ki saurara har ta gama. Idan kun je makarantar kun dawo, ki sake rubuto mini abin da kuka gani.

Gwaggonki